Wasiƙa daga Alƙahira: Ziyarar Kwarin Kanwa

'Yan'uwana na gida, assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina so in ba ku labarin wani wuri da na ziyarta a nan Masar, wanda ya bar ni da tunani tun da na dawo.

Wurin shi ne Wadin Naɗrun, kimanin kilomita 100 daga Alƙahira a kan hanyar hamada mai zuwa Iskandariyya. Da Hausa sai mu ce Kwarin Kanwa, domin naɗrun ita ce kanwar nan da muke jefawa a miyar kuka muke kuma ba shanu, Misirawan dā kuwa da ita suke busar da gawa. A wannan kwari ne, wajen shekara ta 330 Miladiyya, wani bawan Allah Kirista mai suna Makariyus ya kafa zaman halwa, mutane suka riƙa biyo shi har wurin ya cika da ɗakuna. A yau gidajen ruhubanawa huɗu, wato masu barin aure da duniya domin ibada, suka rage a hannun Kibɗawa, Kiristocin Masar: na Makariyus, na Anba Bishoy, na Suryan da na Baramus. Kafin Makariyus akwai Antoniyus, wanda ya rabar da gonakin gadonsa ya shige dutse kusa da Bahar Maliya, ya rasu a shekara ta 356 yana da shekaru fiye da 100.

Ban je da niyyar jayayya ba. Ni Musulmi ne, kuma barin aure da iyali ba tafarkinmu ba ne, amma na tuna cewa a Suratul Ma'ida, aya ta 82, an ambaci ruhubanawa da rashin girman kai, saboda haka na ga ya dace in san abin da magabatansu suka koyar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarancin maganarsu. Almajiri zai tako tafiyar kwanaki ya zo gaban dattijo, wanda suke kira Abba, ya roƙe shi kalma ɗaya da zai tsira da ita, dattijon ya ba shi jimla guda, ya koma ya yi shekaru yana aiki da ita yana saƙar kwando da igiya na ganyen dabino domin abin kai wa baka. An ce Abba Agaton ya yi shekara uku da tsakuwa a bakinsa har sai da ya iya shiru. Arsaniyus kuwa, wanda ya taɓa zama malamin 'ya'yan Sarkin Rum Tiyodosiyus kafin ya bar fada, ya ce sau da yawa ya yi nadamar magana, amma bai taɓa nadamar shiru ba.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Musa Baƙi, baƙar fata kamarmu, wanda a gidan Baramus aka nuna mini inda ake ajiye da ƙasusuwansa. Bawa ne da ubangidansa ya kora, ya zama shugaban 'yan fashi, daga baya ya tuba ya shiga halwa. Wata rana wani ɗan'uwa ya yi laifi, aka tara majalisa domin a hukunta shi, aka aika wa Musa ya ƙi zuwa. Da aka matsa masa, sai ya cika wani tsohon kwando mai huda da yashi, ya saɓa a baya ya taho, yashi na zuba a bayansa. Da suka tambaye shi dalili, ya ce zunubansa ne ke zubowa a bayansa bai gani ba, ga shi kuma ya zo ya yanke wa wani hukunci. Jin haka, aka yafe wa mai laifin. Mu ma muna cewa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, sai dai shi wannan mutumin ɗaukar karin maganar ya yi a gadon bayansa ya tako da ita cikin rana. A farkon ƙarni na 5, da mahara suka afka wa kwarin, ya ƙi gudu ya kuma ƙi ɗaukar makami, yana cewa wanda ya rayu da takobi da shi zai mutu, aka kashe shi tare da wasu almajiransa.

Kada ku ɗauka duk tsanani ne. An ruwaito cewa wani maharbi ya ga Antoniyus yana raha da almajiransa, abin ya ɓata masa rai. Antoniyus ya sa shi ya yi ta jan baka, har maharbin ya ce idan ya ƙara za ta karye, dattijon ya ce haka mutum yake idan aka matsa masa fiye da kima.

Da muka tashi komowa, wani ruhubani ya ba mu shayi da burodi, bai tambaye mu addininmu ba. Ku gaida mutanen gida, babba da yaro.

Naku,
ɗan'uwanku a Alƙahira