Shekarun da 'yan Ayalan suka koma ci-rani

Jiya ina share tsofaffin hotuna a kwamfuta sai na ci karo da wani da na ɗauka a Dublin cikin watan Maris na 2012. Layin mutane ne tun daga ƙofar zauren RDS da ke unguwar Ballsbridge har ya miƙe bakin titi, kowa rungume da fayil ɗin takardunsa cikin sanyi. Baje kolin neman aiki a ƙasashen waje ake yi, kamfanoni sun zo daga Kanada da Ostareliya da Nuzilan suna ɗibar ma'aikata, har shugaban gwamnatin lardin Saskatchewan da ke Kanada na lokacin, Brad Wall, da kansa ya jagoranci tawaga zuwa Ayalan a wannan watan don neman masu sana'a. Ni rakiya na yi. Ɗan matar da nake haya a gidanta ne ya ce in zo in taya shi tsayuwa, mai aikin wayarin ɗin lantarki ne, shekararsa 26, kuma ya fi shekara bai riƙe fulaya da sunan aikin kuɗi ba.

Wanda bai ga Ayalan kafin 2008 ba da wuya ya gane zafin abin. Ƙasar da ake wa kirari da Damisar Celtic, a 2006 kaɗai an gina gidaje wajen dubu 90 a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan huɗu da rabi ba, bankuna na ba da bashi kamar ruwa, yaro ya bar makaranta ya shiga aikin gini ya fi malaminsa samu. Da abin ya fashe sai ya tafi da kowa. A ƙarshen Satumbar 2008 gwamnatin Brian Cowen ta ɗauki lamunin basussukan bankuna, a Nuwambar 2010 ƙasar ta karɓi agajin Yuro biliyan 85 ƙarƙashin Tarayyar Turai da IMF, rashin aiki da bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba ya haura har wajen kashi 15. Aikin gini kuwa sama da rabin ma'aikatansa suka zauna. Ka bi ta wasu garuruwa ka ga rukunin gidaje an yi rufi ba tagogi, ciyawa ta cinye bulo. Gwamnati ta dakatar da ɗaukar sababbin ma'aikata tun 2009, don haka nas da malamin makaranta da suka gama karatu su ma babu inda za su kai takardarsu. Shekarun da abin ya fi tsanani sama da mutum dubu 80 ke barin ƙasar a shekara, wasu baƙi ne da suka koma gida, amma mafi yawa 'yan ƙasa ne.

To abin da nake so in faɗa shi ne, aiki a waje kam akwai shi, ba ƙarya ba ne, amma ba kowa ƙofar ke buɗe wa ba, kuma ko ta buɗe ba yadda ake faɗa a bakin layi take ba.

Ga dai labarin yaron nan. Ostareliya ya zaɓa, Perth, don a lokacin China na sayen ƙarfen yankin Pilbara ba ji ba gani, kamfanonin haƙar ma'adinai na neman birkila da kafinta da falamba da mai walda da direban katafila ido rufe. Bizar da yawancin matasa ke shiga da ita ita ce ta hutu da aiki, mai lamba 417, a lokacin ta 'yan shekara 18 zuwa 30 ce, shekara ɗaya tal, kuma ba ka wuce wata shida a wurin uban gida ɗaya. Sai ka nuna kana da wajen dalar Ostareliya dubu 5 a asusu, wannan kuɗin mahaifiyarsa ce ta ciyo bashi daga ƙungiyar adashin unguwa ta ba shi. Ya sauka da murna sai aka ce masa ai takardar sana'arsa ta Ayalan ba ta ba shi damar taɓa waya a can ba sai an tantance shi ya yi ƙarin kwas ya karɓi lasisi, wata da watanni yana aiki a matsayin yaron wani, yana miƙa wa wanda bai kai shi ƙwarewa ba kayan aiki. In kana son shekara ta biyu kuma dole ka yi kwana 88 kana aiki a karkara, shi gona ya samu, tsinkar 'ya'yan itace cikin rana mai ƙona fata, mutumin da ya tashi a ƙasar da kullum yayyafi. Ya turo wa uwarsa hoton hannunsa duk ya sassaɓe, ta nuna min a kicin tana share hawaye da gefen rigarta.

Daga baya ya samu kamfanin da ya tsaya masa, aka ba shi biza 457 wadda a lokacin kan kai shekara huɗu. Nan kuɗi ya fara shigowa gaskiya, jirgi ya kai su ma'adina su yi makonni ya dawo da su gari hutu, yana turo wa gida abin da ya fi albashin da ya taɓa samu a Dublin. Amma fa bizar a hannun kamfani take. A farko in aka sallame ka kwana 28 gare ka ka samo wani ya tsaya maka ko ka tattara ka bar ƙasar, sai a tsakiyar 2013 aka mayar da shi kwana 90. Mutumin da ke cikin wannan halin in aka ƙara masa awoyin aiki ko aka tura shi inda ba ya so, yaya zai yi ya buɗe baki? Wannan ne abin da ba a rubuta a allunan talla na RDS ba, kuma shi ya fi damuna.

Kanada ta fi sauƙi ta wani fannin, don a 2013 ta mayar da bizar matasan Ayalan ta shekara biyu ta kuma ƙara yawan gurabe, ana buɗe rajista a intanet kafin ka ce kwabo sun ƙare. Alberta da man feturinta, Fort McMurray da sanyin da ke daskarar da gashin ido, Toronto da Vancouver ga masu aikin ofis. Nuzilan ta ɗebi injiniyoyi da magina bayan girgizar ƙasar Christchurch ta Fabrairun 2011. Malaman makaranta da yawa Dubai da Abu Dhabi suka nufa inda ba a cire harajin albashi. Birtaniya ce ta fi kowa ɗiba don ɗan Ayalan ba ya buƙatar biza can, Landan na shirin gasar Olympics ta 2012 ga aikin layin dogo na Crossrail. Amurka kuwa da kakanninsu suka cika tun yunwar 1845, ita ce ƙofarta ta fi tsauri a wannan karon.

Duba duka waɗannan ƙofofin za ka ga mutum iri ɗaya suke so, matashi, mai sana'a ko digiri, ba iyali. Magidanci ɗan shekara 45 da ya sayi gida a 2006, yanzu gidan bai kai rabin bashin da ke kansa ba, ina zai je? Bizar matasa ta wuce shi, in ya sayar da gidan bashi na nan. Wasu irinsu sun bar mata da yara suka tafi su kaɗai suna biyan bashin gida daga can, yara na ganin uba ta Skype. Ƙauyukan yamma kuwa har ƙungiyoyin GAA masu wasannin gargajiyar Ayalan suka rasa 'yan wasa 15 da za su fito fili, sai ƙauye biyu su haɗe.

Shi ya sa lokacin da ministan kuɗi Michael Noonan ya ce a farkon 2012 wai tafiyar matasa da yawa zaɓin salon rayuwa ne, raina ya ɓaci sosai. Eh akwai waɗanda suka tafi da son ransu, har binciken Jami'ar Cork na 2013 ya nuna kusan rabin masu tafiyar suna da cikakken aiki kafin su tashi, amma aikin da ba ƙarin girma, an rage albashi, kullum ana jiran takardar sallama, barin irinsa ba yawon buɗe ido ba ne. Ƙasa ta kashe kuɗi ta horar da nas da injiniya, wata ƙasar ta kwashe su a banza, kuma da sun zauna a waje ko ƙuri'a ba su da damar jefawa a zaɓen gida.

Da farashin ƙarfe ya faɗi wajen 2014 zuwa 2015 aka fara sallamar ma'aikata a Yammacin Ostareliya, kamar yadda faɗuwar farashin mai ta yi wa na Alberta. Yaron ya tsira don ya riga ya samu takardar zama ta dindindin, ya koma wayarin ɗin gidaje a cikin Perth, ya yi aure can. Na kira mahaifiyarsa bayan na ga hoton nan, na ce Mama ya labarin ɗan namu, ba ya shirin dawowa ne tunda yanzu Dublin ma neman masu sana'a take? Ta ce ya duba kuɗin haya ya ce ba zai iya ba. Har yau agogo biyu ne a bangon kicin ɗinta, ɗaya na Dublin ɗaya na Perth, ranar Lahadi da sassafe take kiransa kafin jikokin su kwanta.