Takarda mai tambaya 20 da ta tsaya mini a rai

Jiya ƙawata mai karatun halayyar ɗan'adam ta zo gidanmu a Ƙofar Marusa da wata takarda, ta ce in cike. Ma'auni ne da masana a Toronto ta Kanada suka fitar a 1994. Tambayoyi 20 ne, kowace ka zaɓi maki daga 1 zuwa 5, ana auna wahalar gane abin da ke ranka da wahalar faɗinsa. Wanda jimillar makinsa ta kai 61 ana ɗaukar matsalar ta yi ƙarfi.

Da na zo kan tambayar samun kalmomin da suka dace da abin da nake ji, sai hannuna ya tsaya.

Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, alkunya ce, kuma ban taɓa shakkar sonta ba. Amma akwai wata kunyar daban, wadda ke sa ka ji kai kanka abin ƙyama ne in ka ce "ina cikin baƙin ciki". Ita ce ta hana ni kuka ranar rasuwar Baba. Ina ta raba ruwa ga masu ta'aziyya, ƙirjina kamar an ɗora dutse.

Na gaya wa ƙawata haka. Ta ajiye biro, ta riƙe hannuna.