Wanda Ya Kalli Fim Bai Karanta Littafi Ba

A fadarmu da ke unguwar Birni, nan Damagaram, mukan zaɓi littafi guda mu karanta, sannan mu tattauna shi a kan shayi. Bana ni na kawo La Planète des singes (wato Duniyar Birrai), wanda Bafaranshe Pierre Boulle ya wallafa a 1963, aka yi alkawari cewa ba mai kallon fim ɗin da aka yi daga littafin a 1968 sai an kammala karatu. Kuɗin fotokofi kuwa daga aljihuna suka fita.

Ranar zama, wani ƙanenmu ya gyara murya ya ce wurin da ya fi girgiza shi a littafin shi ne inda jarumin ya tarar da mutum-mutumin 'Yanci (Statue of Liberty) na birnin New York rabinsa a binne cikin rairayi. Fiye da rabin fadar suka gyaɗa kai. Na ce masa: "Ƙanena, a wane shafi ka ga wannan?" Babu shi a littafin ko kaɗan, ƙarshen fim ne, inda jarumin fim ɗin, Charlton Heston, ya gane cewa tun farko a duniyarmu yake. A wajen Boulle, ɗan jarida Ulysse Mérou ya je wata duniya ce daban mai suna Soror, inda birrai ke da motoci da jiragen sama, kuma da ya dawo ya sauka a filin jirgin Orly na birnin Paris, goggon biri ne sanye da kaki ya tarbe shi.

Har yau abin yana yi mini ciwo, domin saɓa alkawarin ya lalata muhawarar gaba ɗaya. Fim ɗin ya ɗora laifin faɗuwar ɗan Adam a kan yaƙin da ya halaka duniya, saboda haka duk wanda ya kalle shi maganar bam kawai yake yi. Boulle kuwa lalacin ƙwaƙwalwa ya zarga: mutanen Soror sun koya wa birrai aiki, suka miƙa musu komai, suka daina karatu da tunani, har birran suka kore su daga gidajensu. Wannan hukunci ya fi na fim ɗin ɗaci, kuma shi na so mu yi gardama a kansa, amma da wa za a yi ta, alhali masu gyaɗa kai ba su wuce shafukan farko ba?

Ban raina fim ɗin ba. Kwalliyar fuskokin birran ta samu lambar yabo ta musamman a Oscar, kuma ta cancanta. Sai dai duk mai son haɗa irin wannan zama kada ya ambaci cewa akwai fim tun farko, domin yau kowa da wayarsa a hannu. Ya raba littafin kashi-kashi, a riƙa haɗuwa a kan kowane kashi, kuma tambayar farko ta zama wadda fim ba zai iya amsa ta ba, misali su wane ne suka tsinci labarin Ulysse cikin kwalba a sararin samaniya.