Yadda muka shigar da Inna IRM da batirin zuciya a ƙirjinta

Tun 2019 aka sa wa Inna na'urar nan mai daidaita bugun zuciya a Yawunde, mu a gida batirin zuciya muke ce mata, lokacin da take ta yanke jiki tana faɗuwa a tsakar gida saboda bugun zuciyarta ya sauka ƙasa da 40 a minti. Ƴar ƙarama ce, ba ta ma kai akwatin ashana ba, tana cikin fata a ƙasan kafaɗarta ta hagu, da wayoyi biyu da suka bi jijiya har cikin zuciya.

Toh bara sai ga ciwon baya, ƙafar dama tana mutuwa, likita a nan Garwa ya ce sai an yi IRM, hoton cikin jiki da ake shigar da mutum cikin inji a ɗauka, wanda ƴan Najeriya ke ce wa MRI. Mun je, ma'aikacin ya tambaya, Hajiya akwai ƙarfe a jikinki? Ina cewa batiri ya rufe littafinsa ya ce ba zai taɓa ta ba. Wallahi raina ya ɓaci, na yi ta faɗa a banza. Da muka koma gida Kawu ya ce in kun je wani wurin ku yi shiru kawai, wa zai sani, kuma Allah ya yafe min har na fara ɗaukar shawarar.

Likitan zuciyarta na kira, ya ce kul. Ya ce injin nan maganaɗisu ne mai ƙarfin tesla 1.5, kusan ninki 30,000 na maganaɗisun ƙasa, kuma ba a kashe shi ko da dare. Ni da na ɗauka tsoron shi ne ya fizge batirin daga ƙirji kamar yadda ake yayatawa, ashe babbar matsalar bakin wayar ne, yana iya ɗaukar zafi ya ƙona naman zuciya a inda ya maƙale, ko na'urar ta rikice ta ɗauka zuciya na bugawa ta ƙi aika wuta, ga mutum kwance cikin ramin injin. Amma ya ce tun 2008 a Turai, 2011 a Amurka, aka fara fitar da irin waɗanda za a iya shiga da su bisa sharaɗi. Sai dai dole batirin da wayoyin duka su zama irin nan, a duba ko akwai tsohuwar waya da aka bari a ciki, kuma galibi a jira sati 6 bayan aiki. Ya ce ina katin da aka ba ku?

Kati fa! Kwana biyu muna juya ɗakin Inna, har ƙarƙashin katifa, ƙarshe a cikin gwangwanin alewa muka same shi tare da tsofaffin rasiɗai da zobenta na aure. Sunan kamfani, lambar batiri, lambar kowace waya, ranar da aka sa, duk suna jiki. Na tura hoton ta WhatsApp, bayan la'asar ya ce nata na shiga.

Mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, Inna ba ta runtsa ba sai carbi take ja.

Ranar randebu likitan ya ɗora wani ɗan abu a kan ƙirjinta haɗe da kwamfuta, ya auna batirin da wayoyin ya rubuta, sannan ya juya shi ya riƙa bugawa daidai wa daida ba tare da sauraron komai ba, tunda ita zuciyarta da shi ta dogara. Aka cire ƴan kunne, fil ɗin mayafi, ni kuma waya da makullai duk a waje. Suka maƙala mata abu a yatsa, wata nas ta kafa ido kan allo har aka gama, wajen rabin awa, ni ina bakin ƙofa cikina na ƙugi. Tana fitowa ya mayar da batirin yadda yake da, ya sake aunawa, lambobin ba su canza ba. Wannan mayarwar kar wanda ya yarda ya bar asibiti ba a yi ta ba.

Hoton ya nuna guringuntsin baya ne ya danne jijiya. Inna dai korafinta ɗaya, wai ƙarar kamar an kwantar da ita cikin injin niƙa. Katin yanzu na sa an lulluɓe shi da leda, hotonsa na wayata da ta ƙanwata, gwangwanin kuma ta karɓe abinta.