Ɗan sifirin da ke bayan ƙugiya

Talatar da ta wuce wani Alhaji ya taso tun daga Saminaka zuwa shagona na gyaran bindiga da bindigarsa ta farauta, 'yar .22 mai ƙaramin harsashi, nannaɗe cikin tsumma, lasisi a aljihun gaba. Kukansa ɗaya ne. In ya harba ya ja sakata baya, kwanson harsashi sai ya yi zamansa daram a ciki, sai ya nemi tsinke ya zaƙulo shi. Kafin ya gama, zabin dawa sun kai wani gari.

A bakin sakatar bindiga akwai wani ɗan ƙarfe da muke kira ƙugiya a shagonmu. Shi ke kama leɓen kwanso ya jawo shi waje, wani ƙarfen daban kuma ya cillar da shi gefe. Ƙugiyar ba ta da ƙarfin kanta, ɗan sifirin da ke bayanta ne ke danna ta ta riƙe. Ran da ya gaji ko ya karye, sai ta dinga zamewa a kan kwanson tana yagar leɓensa. Kowace ƙira kuma da halinta. Mauser ta Jamus, ƙirar 1898, ba ta ma da sifirin na daban, doguwar ƙugiyarta ita kanta ce sifirin. A wasu ƙananan .22 kuwa sifirin naɗaɗɗe ne, siriri, mai ɗan turke a kai, wanda in ya kuɓuce maka ya yi tsalle, kai da ganinsa sai ranar shara. Shi ya sa nake kwance sakata hannuwana cikin farar leda. Yarana sukan yi mini dariya, har ranar da ɗayansu ya yini da rarrafe yana jan maganaɗisu a ƙasa.

Wurin marigayi maigidana na koya, Allah ya jiƙansa. Tsohon ma'aikacin masana'antar ƙera makamai ta DICON ne da ke Kakuri, wadda aka kafa a 1964, kuma har ya bar duniya bai daina yabon tsaftar aikin Jamusawan da suka girka injinanta ba. Shekarata guda cur ina wanke ƙarafa da kananzir kafin ya bar ni na taɓa sakata. Yana da wani tsohon kan sakatar Mak-fo, irin .303 ɗin da 'yan sanda ke saɓawa a da, ya ajiye shi don koyarwa kawai. Sifirin ɗinta lanƙwasasshe ne kamar bakin almakashi, ga taurin kai. Ka matsa kaɗan ya ƙi shiga, ka ƙara ya ce ƙas. Na karya uku a mako ɗaya. Na ce, "Baba, wannan ƙarfen ba shi da kyau." Bai ce uffan ba. Ya karɓa, ya zaunar da na huɗu yana hira da mai shayi, ya miƙo mini.

A hannunsa na koyi kada in yi saurin ɗora wa sifirin laifi. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau. Ƙurar hunturu ce ta haɗu da baƙin man mota da mutanenmu ke ɗurawa, suka daskare a ramin ƙugiya kamar ƙanzo. Ko kuma tsatsar damina ta ci ɗakin harsashi, kwanso ya kumbura ya manne, ta yadda ko sabon sifirin goma ka sa ba zai fito ba. Wani lokacin bakin ƙugiyar ne ya cinye. Sai na duba waɗannan duka da madubin ƙara girma kafin in buɗe akwatin sifirin.

To akwatin nan shi ne ciwon kaina. Mai kawo kaya zai rantse maka na asali ne, ga leda mai sheƙi, ga tambari. Ka danna sau ashirin, ka auna, ya riga ya gajarce. Waya ce kawai aka naɗe, ba ta ga wuta yadda ya kamata ba. Sifirin na ƙwarai, an ƙona shi an tsoma, sannan an sake ɗumama shi sannu a hankali har ya yi shuɗi-shuɗi, shi ne yake lanƙwasa ya dawo. In an gaza ya yi gautsi, in an zarce ya yi laushi. Bara na mayar wa wani da ƙunshi guda, har yau ba ya ɗaukar wayata. Ga kuma masu gyaran gindin bishiya, da na taɓa ciro sifirin ɗin biro daga sakatar da ɗayansu ya taɓa. Na biro, wallahi! Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abu ɗaya da ba na sassautawa shi ne takarda. Dokar makamai ta 1959 ta ce bindigar farauta irin wannan sai da lasisin Sufeto Janar, ta toka kuma na Kwamishinan 'yan sanda. Lambar jikin bindiga ta dace da ta takarda, in rubuta a littafi. Wanda ba shi da ita, ko ɗan uwana ne, ya koma da kayansa. Halin da Kaduna ke ciki bai bar wa kowa wasa ba.

Ta Alhaji dai sifirin ne da gaske, ya karye gida biyu. Na wanke ramin, na sa sabo daga ragowar masu kyau da nake tattali, na gwada da harsashin gwaji marar albarushi har sau talatin, kowanne ya fito ya faɗi wuri guda. Da na faɗi kuɗi sai ya ɗauki karyayyen ya ɗora a tafin hannu.

"Haba Malam, wannan ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba?"

"Ranka ya daɗe, shi ya taso ka daga Saminaka."

Ya yi dariya, ya ƙirga, amma sai da ya rage kuɗin mota. Ya ce bayan Sallah zai kawo ta ƙaninsa, ita ma haka take yi.