Daren da siminti ya kama hanya shi kaɗai

Watana biyar da kama aiki a yadin jiragen kaya abin ya faru. Aikina a lokacin harhaɗa taragai ne: a ware masu zuwa nan da masu zuwa can, a tura kowanne layinsa, a haɗa jirgin da zai tashi da asuba. Mu huɗu ne a aikin dare, da ni, da direba, da mai juya layi, sai wani dattijo da kowa ke kira Baba, wanda ya fara aikin reluwe tun ba a haife ni ba.

Wajen ƙarfe ɗaya muka ajiye tarago 14 shaƙe da siminti a layin gefe, muka cire musu kan jirgi domin mu je mu ɗauko na taki. Doka ta ce a ɗaure birkin hannu, littafin aiki kuma ya faɗi adadin da za a ɗaure gwargwadon nauyin kaya da gangaren wuri. Birkin hannun nan wani ƙaton sitiyari ne na ƙarfe a jikin kowane tarago, sai ka hau ka yi ta murɗawa har sarƙa ta ɗame, kafaɗarka ta gaya maka. Biyu na ɗaure. Oba-oba na ta kuka a ƙuguna, ofis na tambayar inda muka maƙale. Na haska layin da fitila, na gan shi shimfiɗe kamar faifai, na ce a raina ai akwai iska a birki, kuma yanzu za mu dawo.

Sai da muka shafe fiye da awa uku.

Abin da aka koya mini a aji, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu, shi ne yadda birkin iska yake aiki. Tun 1872 George Westinghouse ya tsara shi a Amurka ta yadda bututu guda zai ratsa jirgi daga kai har wutsiya. In bututun na cike da iska, birki a sake yake. In iskar ta ragu, ko tiyo ya tsinke, kowane tarago sai ya kama birki da kansa, da iskar da ke cikin ƙaramin tankin da ke ƙarƙashinsa. Dabara ce mai kyau, ta ceci rayukan da ba su ƙirguwa. Amma da zarar an cire kan jirgi babu mai ƙara iska, wadda ke ciki kuma tana tsiyayewa ta roba da mahaɗai sannu a hankali, har birkin ya saki. Ido kuma ba ya ganin gangaren da ƙafar ƙarfe ke ji. Wurin da ƙafar tarago ke taɓa layi bai wuce faɗin kwabo ba, shi ya sa kan jirgi ɗaya ke jan tan dubbai, shi ya sa kuma ɗan karkacen da ba ka lura da shi ba ya isa ya tafi da su.

Muna dawowa Baba na ba ni wani labari sai ya yi shiru a tsakiyar magana. Ni ban ji komai ba. Can sai na jiyo wani ɗan ƙiiii, kamar ƙofa mai tsatsa.

"Yaro, nawa ka ɗaure?"

"Biyu, Baba."

Bai ƙara cewa uffan ba, ya kwasa a guje. Taragai 14 na tafiya su kaɗai cikin duhu, ba fitila, ba ham, gudunsu bai kai tafiyar tsoho ba, sun nufi mahaɗar babban layi. Ya ɗale ɗaya, na ɗale na bayansa, muka yi ta murɗa. Sai da muka ɗaure shida suka tsaya, tsakaninsu da mahaɗar bai fi taku 30 ba. Baba ya sauko yana haki, ya sa waigi a ƙarƙashin ƙafa, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, tarago ba ya jin kira. In ya tafi ya tafi." Da hannunsa ya rubuta rahoto, bai rufa mini asiri ba, aka kuma cire ni daga yadi na mako guda in je in sake karatun littafi. Na daɗe ina jin haushinsa.

Haushin ya fita daga raina gaba ɗaya ne da na karanta abin da ya auku a garin Lac-Mégantic na ƙasar Kanada ranar 6 ga Yuli, 2013. An bar jirgi mai tankar ɗanyen mai 72 a kan gangare da dare ba kowa a ciki, birkin hannu bakwai kawai aka ɗaure. Wuta ta kama kan jirgin, aka kashe injin, iska ta tsiyaye. Jirgin ya gangaro kusan kilomita 11 ya kife a tsakiyar gari, mutum 47 suka mutu. Kuskurenmu iri ɗaya ne. Ni dai na yi sa'ar dattijo mai kunne.

Bayan wasu shekaru aka mai da ni ofishin tsara zirga-zirga, na zama ni ne muryar nan ta oba-oba da na tsana. A nan na gane ba mugunta ce ke sa su matsa mana ba. Tarago ba ya kawo ko sisi sai yana ɗauke da kaya kuma yana tafiya, alhali yawancin rayuwarsa a tsaye yake yin ta: yana jiran lodi, yana jiran a sauke, yana jiran a haɗa shi da 'yan'uwansa, yana jira a layin gefe jirgin fasinja ya wuce, don a layi mai hanya ɗaya kusan kullum kaya ne ke kaucewa. Ga kuma ciwon kan dawowa wayam. Tankar mai ba ta ɗaukar hatsi, taragon kwal ba ya ɗaukar kwantena, saboda haka sau da yawa rabin tafiya mai ake ƙonawa a jawo ƙarfe fanko. Mai kaya da ya riƙe tarago ya wuce lokacin da aka ba shi sai ya biya kuɗin jinkiri, a nan ne kuma rigima ba ta ƙarewa, kowa na rantsuwa laifin ɗayan ne.

Babbar mota ce kishiyarmu, kuma gaskiya ta fi mu wayo a wuri ɗaya: tana zuwa har ƙofar sito. Mu sai an kawo mana, an kuma zo an ɗauka. Inda muke cin ta shi ne kaya mai nauyi da tafiya mai nisa, irin su siminti, taki, hatsi, kwal da mai. Inda kuwa layi mai faɗin milimita 1,435 ya haɗu da mai 1,067, dole a sauke kaya kaf a sake lodi, ribar sai ta zube a wurin. Mai kaya kuma, na lura, zai iya haƙuri da jirgin da ke ɗaukar kwana huɗu in dai kullum huɗun ne. Wanda yau biyu, gobe tara, shi ne ke kora shi wurin masu mota.

Rayuwar ma'aikaci kuwa waya ce ke mulkinta. A kira ka ƙarfe biyun dare, ka kwana a ɗakin saukar ma'aikata a can ƙarshen layi, ka dawo gida yara sun tafi makaranta. Matata ta daina tambayar yaushe zan dawo tun a shekarar farko. Gajiya ita ce abin da ba a son faɗa, ita ce kuma ke sa mutum ya ga layi kamar faifai. Tsofaffin yadi ba sa shiga tsakanin tarago biyu sai komai ya tsaya cik sun ji daga bakin direba, ko da ofis zai tsage da kira.

Yanzu in yaran yadi za su bar taragai, ba na karɓar "mun ɗaure" kawai. Sai sun saki birkin iska gaba ɗaya, direba ya ɗan ja ko ya ɗan tura, a ga ko na hannu kaɗai ya riƙe. Yakan ci kamar minti goma. A takardar jinkiri ta safe, inda aka ce a rubuta dalili da sunan wanda ya jawo, sunana nake sawa.