Lambobi uku a bayan kati

A farkon 2023, lokacin da sauyin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuyar gani, ina tsaron wani shagon atamfa da leshi kusa da Kasuwar Barci. Ciniki duk ya koma waya. Matan da ba sa fitowa sukan zaɓi kaya a WhatsApp, in turawa ta banki ta ƙi tafiya sai su karanto mini katinsu in shigar a shafinmu na biyan kuɗi: doguwar lambar gaba, watan da katin zai daina aiki, da ƙananan lambobi ukun nan na baya. Ni kuma, don kar in sake damunsu gobe, nakan rubuta duka a littafin ciniki. Kyautatawa na ɗauke shi.

Wata ranar Litinin wata Hajiya daga Unguwar Rimi ta shigo, idonta jawur. Ta ce, "'Yata, cikin dare aka yi ta cire mini kuɗi, ga katin nan a jakata, ko lambar tabbatarwa ta OTP ba a turo mini a waya ba." Ba ta zarge ni ba. Amma littafin nan kullum a buɗe yake kan kanta, masu kawo kaya da masu taya farashi kowa na iya leƙawa.

Mai kula mana da shafin biyan kuɗin ne ya zaunar da ni. Ya ce a POS, kati da PIN ne shaida. A intanet kuwa ba mai ganin katin, shi ya sa ake tambayar lambar CVV: uku ce a bayan Visa da Mastercard da Verve, huɗu a gaban American Express. Ba ta fitowa a rasit, ba ta cikin baƙin zanen bayan kati, don haka wanda ya tsinci doguwar lambar kaɗai sau da yawa ba zai iya sayayya ba. Aikinta ɗaya, ta nuna cewa katin yana hannun mai saye a wannan lokacin. Saboda haka ƙa'idar PCI DSS, wato ƙa'idar kamfanonin kati ta kare bayanan katin biyan kuɗi, ta hana kowane ɗan kasuwa ajiye ta bayan an amince da biya, ko da mai katin ya yarda. Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne da ya ce akwai shafukan ƙasashen waje da ba sa neman OTP, bayanan da ke littafina sun ishe su.

Ashe makullan gidajen mutane nake jerawa a kan kanta.

A ranar na yage shafukan littafin na ƙona a bayan shago, na kira matan ɗaya bayan ɗaya na roƙe su su je banki a toshe katin a ba su sabo. Kiran ya yi mini nauyi ƙwarai, wasu sun yi faɗa, kuma suna da gaskiya.

Yanzu da mai saye ta fara karanto lamba nake tare ta: "Hajiya, don Allah dakata, zan turo miki shafin ki shigar da hannunki."